Ruwan Kumandan

Ladidi matar Matta ta shekara talatin da ɗaya tana wankin zannuwan gado a asibitin mishan da ke bakin kwalta, yamma da Madawa, kuma duk wanda ya san ta ya san tsabta ta zame mata kamar ciwo. Mace ce da za ta ba ka ruwa a moɗa, ka sha, ka yi godiya, kafin ka kai zaure ka jiyo tana cuɗa moɗar da toka. Ba ƙyamarka take yi ba, haka Allah ya yi ta. An haife ta a wani ƙauye bayan Tamaske, cikin duwatsun Adar, inda mata ke fita neman ruwa da asuba ba su dawo ba sai hantsi. Tana ƙaramar bazawara ta rako mahaifiyarta asibiti da gyambo a ƙafa. Tsohuwar ta warke ta koma gida, ita kuwa Ladidi ta zauna, ta sami aikin wanki, ta shiga addinin Kirista, daga baya ta auri Matta, wani dogon mutum mai sanyin magana da ke tsaron ƙofar asibitin.

Abubuwa da yawa ta baro a ƙauyensu ba ta ko waiwaye su ba, amma akwai guda da ya biyo ta har ɗakin aure: ba ta son kare. An tashe ta a gidan da in kare ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, kuma duk wa'azin da ta saurara a majami'a bai kai ga hancinta ba. Don haka ran da Matta ya tsinto wani ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin gadar kwalta, ya taho da shi cikin hula yana murmushi kamar an yi masa haihuwa, a zaure ta tare shi. Ta ce ko dai kwikwiyo ya koma inda ya fito, ko ita ta koma Tamaske. Matta bai ja ba, domin bai iya ja ba. Ya juya da abinsa ya kai shi bakin aiki, can ya rene shi a bayan ɗakin masu gadi, ya raɗa masa Kumandan saboda yadda yake zama ya miƙe wuya yana duban duk mai shiga kamar zai nemi takardarsa.

Shekara tara aka yi a haka. Kumandan yana ƙofar asibiti, Ladidi tana wurin wanki can ƙarshen gini, ta ƙaramar ƙofar baya take shiga ta fita, ba ruwan wani da wani. In Matta ya dawo da yamma sabulu na jiransa a bakin randa, ya wanke hannu kafin ya taɓa akushi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ita ma ba ta taɓa tambayarsa me karen yake ci ko me yake sha ba.

A watan Afrilu na shekarar 1996, mako guda bayan bikin Tashin Almasihu, Matta ya yanke jiki ya faɗi yana buɗe wa mota ƙofa. Likitoci suna nan kusa, sun yi iya yinsu, amma kafin la'asar an rufe masa fuska. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, Kirista da Musulmi suka cika gidan har waje. 'Yarsu Hulda ta zo daga Madawa ta yi kwana goma, ta koma wurin mijinta da yaranta. Gida ya yi wa Ladidi faɗi, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta riƙa share tsakar gida sau uku a wuni.

Tana cikin sharar nan Sila, direban asibiti kuma abokin marigayi, ya yi sallama, da igiya a hannu, a ƙarshen igiyar kuma Kumandan. Jan kare ne, bakinsa ya fara furfura, kunne guda a karye.

"Uwar Hulda, ki yi haƙuri," in ji Sila. "Tun da abin ga ya hwaru Malam Mahdi, abokin gadin marigayi, ka kula da shi. To yanzu ya ɗauki hutu ya tahi Sabon Gida sharar gona, sabon mai gadin da anka ɗauka kuwa ya ce shi ba ya zama da kare. Nan na gidan ubangijinshi. Ina za ni kai shi?"

Ladidi ta dubi karen, karen ya dubi ƙasa. Ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ta faɗa shekara tara da suka wuce. Abin da ya fito shi ne, "Ɗaure shi can gindin rumbu. Sai an samu mai so." Haka Ladidi ta zama mai kare tana da shekara hamsin da ɗoriya, ba ta nema ba, ba ta kuma san ta inda ake farawa ba.

Abinci bai ba ta wahala ba, sauran tuwo ne da ƙashi. Ruwa kuwa ta ɗauka shi ne mafi sauƙi. Ta ɗauko tsohon kaskon da kaji ke sha, ta cika, ta tura masa da sanda. Kumandan ya sunsuna, ya koma ya kwanta ya sa haɓa a kan ƙafafu yana kallon zaure. Ta ce a ranta, in ƙishi ya kama ka ka sha. Lokacin bazara ne, irin zafin da ƙarfen guga ke ƙona hannu tun kafin azahar. Rana ta faɗi, ruwan kasko ya ragu, amma rana ce ta sha, ba kare ba.

Washegari ta yanke cewa raini ne. Kare ya tashi a asibiti cikin Turawa da likitoci, ina zai sha a kaskon kaji? Ta yafa gyale ta fita bakin kwalta wurin A'i mai sayar da kwanuka, ta tsaya tana juya wannan tana ƙwanƙwasa wancan. Na roba ta ce zai ɗumama ruwa. Na silba ta ce iska za ta kifar da shi. Mai zurfi ta ce wuyansa zai gaji, ta kuwa ji kunyar kanta da ta kama kanta tana tunanin wuyan kare.

"Wai na miya kike so ko na hura?" in ji A'i.

"Na baƙo na," in ji Ladidi, ta ɗauki wata farar langa mai fure ja, wadda ko ita ba ta taɓa cin abinci a irinta ba, ta yi gaba kafin a tambaye ta daga ina baƙon ya zo.

Baƙo bai sha ba. Ta sa masa ruwan randa mai sanyi, bai sha ba. Ta ce watakila ɗanɗanon rijiya ne bai saba da shi ba, ta ɗauki bokiti ta tafi har famfon asibiti ta ɗebo a ka, mutane suna kallon matar da ko sati biyu ba ta yi da rashi ba tana tafe da ruwa tsakar rana. Shi ma bai sha ba. Sila ya leƙo ya ce a yanka tsohuwar taya a yi masa kwami, haka ya ga ana yi a Yamai. Aka yanka, aka cika, kaji suka ji daɗinsu. Abin da kawai ya shiga cikin Kumandan shi ne ɗan tuwon da ta dama da ruwa ya yi ruwa-ruwa, ya lasa sau uku ya kau da kai.

Matan majami'a da suka zo gaisuwa sun ga abin, kuma sun riga sun san dalili. Elizabet, wadda ba ta taɓa rasa bayani a kan komai ba, ta ce baƙin ciki ne, kare in ubangijinsa ya tafi bin sa yake yi, a bar shi kawai. Sauran suka gyaɗa kai suna tausayi. Maganar ta soki Ladidi. Ta yi shekara tara tana hana dabbar nan shiga gidanta, yanzu kuma ta shigo ta mutu da ƙishi a gindin rumbunta, ita da ta san ƙishi tun tana yarinya? Abin da Matta ya bari mai numfashi, ban da Hulda, shi ke nan. Sai a lokacin ta gane tsoro take ji, tsoro sosai.

Rana ta uku da safe Kumandan bai ɗaga kai ba da ta fito. Haƙarƙarinsa na sama da ƙasa da sauri, harshe ya bushe ya yi tauri, ido ya faɗa. Ladidi ta tsaya a kansa da langa a hannu tana roƙonsa kamar mutum. Biba maƙwabciyarta, tsohuwa mai ginin tukwane, Musulma, wadda suka yi shekara ashirin suna miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga, ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Ladidi, ni ban san kare ba, ban kuma son in san shi," ta ce. "Amma wanga shekara tara shina raye, ai wani abu shika sha. Ke ba ki gani ba, Sila bai gani ba. Wa az zamne da su bakin ƙohwa? Ki tahi ki tambayi Mahdi."

Ladidi ta ajiye langar. Ta jiƙa tsohon buhu ta shimfiɗa wa karen a jiki, da hannunta, karo na farko da ta taɓa shi. Ta bar wa Biba amanar ta riƙa yayyafa wa buhun ruwa ta kan katanga, ta fita. Lokacin kwashe albasa ne, motoci na ta zirga-zirga zuwa fadama. Ta sami wata mai zuwa Sabon Gida ɗaukar kaya, ta hau baya ta zauna a kan buhunan wofi, rana na dukan ta, warin albasa na shiga har ƙwaƙwalwa. Mata biyu da ke ciki suka tambaye ta ko rasuwa aka yi. Ta ce a'a, tana dai gudun kada a yi.

A gona ta sami Mahdi, shi kaɗai, yana tumɓuke guntayen karan bara yana tarawa. Gajere ne, baƙi, mai farin gemu, shekara goma sha biyar suka yi da Matta suna zaune a kan benci guda. Da ya gane ta sai ya yar da gatari ya taho da sauri, ya ɗauka wani abin ne kuma ya faru. Suka koma inuwar wani gawo, suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, sannan ta gaya masa abin da ya kawo ta. Ta lissafa masa kasko da langa da taya da ruwan famfo.

Mahdi ya dafe kai. "Innalillahi! Laihina na, Uwar Hulda. Nat taho cikin gaugawa ban hwaɗa ma kowa ba. Kumandan bai san kwano ba. Ko na zinari kinka aje mishi ba shi sha."

"To mi shika sha da shi?"

Ya miƙa hannu ya jawo wata tsohuwar buta ta ƙarfe da ke rataye a reshe, duk ta lotsa, an ɗaure marikinta da waya. Ya ce da farko, lokacin yana kwikwiyo, Matta gwangwani ya ajiye masa a gefen ƙofa. Wata rana wata mata ta zo daga can cikin daji da ɗanta ba lafiya, ta ga gwangwani da ruwa, ba ta sani ba, ta ɗauka ta shayar da yaron, ta shafa sauran a fuskarta. Da wani ya gaya mata na kare ne, sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, ga ciwon ɗa ga wannan.

"Ran nan mijinki bai ci abinci ba," in ji Mahdi. "Yac ce mani, Mahdi, masu zuwa ƙohwag ga da nauyinsu suka zuwa, ba ni ƙara musu wani. Ya ɗauki gwangwanin ya jehwa masai. Tun daga ran nan sai shi ja karen bayan ɗaki, shi ɗaga buta har ƙugu, shi tsiyaya, karen shi tari ruwan bisa iska. Shi kuma ɗaga ta nesa don kada baki ko yawu shi taɓa ta, don ya san da ita nika alwala. Buta guda gare mu, ni da shi. Shekara tara ina alwala da ita ban taɓa jin shakka cikin raina ba. Sau ukku kullum, sahe da azahar da la'asar, bai taɓa hwashi ba."

Ladidi ta dubi butar. Ta yi shekara ashirin da tara da Matta, ta san tarinsa, ta san yadda yake son miyar kuka da yaji kaɗan, ta ɗauka babu sauran abin da ba ta sani ba. Ashe akwai wani abu da yake yi sau uku a rana, ginin asibiti kawai ke tsakaninsu, bai taɓa faɗa ba don ya san ba ta son zancen. Kunya ta kama ta, amma abin da ya fi kunyar yawa wani daɗi ne mai ciwo, kamar an miƙo mata saƙo daga gare shi.

Mahdi ya juye sauran ruwan butar a gora ya miƙa mata butar. Ta ce ina, da me zai yi alwala? Ya ce gora ma ya isa, karen ƙarar wannan butar ya sani. Ya ce ta ba shi kaɗan-kaɗan, kada ya sha da yawa lokaci guda cikinsa ya juya. Ya raka ta har bakin hanya, ya tsaya a rana sai da ya tsayar mata da motar albasa mai komawa. Ta so ta yi masa godiya yadda ya kamata, amma sai "Allah shi saka" kawai take maimaitawa. Ya ce ta bar wannan, ta dai yi sauri.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Motar ta tsaya ƙarin kaya, ta tsaya shan ruwa, ta tsaya don direba ya gaisa da wani. Ladidi na ƙanƙame da buta a cinya tana addu'a, ita da ba ta taɓa tunanin za ta kai maganar kare gaban Ubangiji ba. Ba ta yi dogon bayani ba, ta san ya gane.

La'asar ta yi sakaliya ta shiga gida. Biba na nan a kan katanga da moɗa a hannu, gyalenta ya jiƙe da zufa, ta yi wuni tana yayyafa wa karen da ba ta so ruwa. "Shina numhwashi," ta ce, "amma da ƙyat." Daga baya Biba ce za ta gina mata wani tulu mai 'yar ƙaramar kafa a gindi, a rataye shi a reshen dogon yaro ya riƙa tsiyaya siriri in Ladidi na wurin aiki, amma wannan sai bayan makonni.

Ladidi ta cika butar a randa. Ta je gindin rumbu ta tsaya, ta ɗaga hannu har ƙugu, ta karkata. Ruwan ya zuba can gefe, ƙasa ta shanye shi nan take. Kumandan bai motsa ba. Ta matso, ta sake tsiyayawa, wayar marikin ta yi 'yar ƙara, ruwan ya sauka dab da hancinsa yana tsartuwa. Kunnen nan mai lafiya ya motsa. Ta ci gaba. Karen ya buɗe ido, ya dubi butar, ya bi hannun da kallo har sama, ya ga ba fuskar da yake nema ba ce. Ya daɗe yana kallonta. Ruwa na zuba, buta na raguwa, ita dai ba ta sauke hannu ba.

Sai ya ja ƙafafun gaba da ƙyar, ya ɗaga kai, ya miƙa harshe cikin ruwan.

Biba ta saki kabbara daga kan katanga. Ladidi ta tsayar da ruwan kamar yadda aka gaya mata, ta jira, ta sake ba shi, ta sake jira. Hawayen da ba su zo mata ba ran jana'iza, mutane har suna yaba ƙarfin halinta, yanzu suka zo ba sallama, ga hannu a buta ba damar sharewa. Ta gode wa Allah, ta gode wa Mahdi da ke can gonarsa yana alwala da gora, ta gode wa tsohuwar da ke kan katanga. Sannan ta yi abin da kunyar aure ba ta taɓa barin ta ta yi ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, ta kira shi da sunansa, a fili.

"Matta," ta ce, "ya sha."